Watan da Tanko Bai Gani Ba

Shekarar da motocin siminti suka fara ratsa garinmu daga Malbaza, ni da yayana Isufu ɗakin kakarmu Inna Hajo muke kwana. Bayan lisha takan tura kara cikin wuta, mu matso kusa.

Akwai tatsuniyar da ba ta gajiya da ita. Wani gari ne, in ji ta, da ba a ajiye azumi sai Tanko ya ce ya ga wata, don idonsa ya fi na kowa. Wata shekara azumi ya faɗo cikin bazara, mutane suka galabaita. Ranar duban wata gajimare ya rufe yamma. Can aka jiyo ganga daga nesa, ba a san ko ta Salla ce ko ta biki ba. Aka kewaye Tanko ana cewa, "Kai dai ce ka gani." Har tsohuwarsa, da ƙishi ya kusa kayarwa, ta zuba masa ido. Tanko ya ce, "Ban gani ba." Aka ƙara yini guda ana zaginsa.

Nan Inna take tsayawa. Wata rana Isufu ya ce, "To Inna, watan ya tsaya ko bai tsaya ba?"

Ta ce, "Ji min mijin banza! Ina wurin? Wataƙila ya tsaya. Ba a tambayi Tanko ko akwai wata ba, an tambaye shi ko ya gani."

Bayan mun girma, rikicin iyakar gona ya haɗa Isufu da maƙwabcinsa, aka kira ni gaban maigari. Har gobe na yarda Isufu ke da gaskiya. Amma abin da aka tambaye ni shi ne ko ina nan ranar da mahaifinmu ya dasa gambar iyaka, ni kuwa lokacin ina karatu Illela. Na ce ba ni nan. Isufu ya rasa gefen fadamarsa, ya daina amsa sallamata. Shekaru ina tambayar kaina: in na rantse kan abin da zuciyata ta gaskata, idona bai gani ba, ƙarya na yi? Kullum amsar ɗaya ce, kuma ba ta taɓa yi mini daɗi ba.

Bara ciwo ya kwantar da shi, ya aiko a kira ni. Na tarar da ƴaƴansa zaune, zai raba musu gona, ga liman a gefe. Bai dube ni ba, ya dubi liman ya ce:

"Malam, ga shaidata. Wanga bai yi ƙarya don ni ba, ba shi yin ta don ɗayansu."

Sannan ya muskuta, ya bar mini wuri bisa tabarmarsa.