Ranar da Na Riƙe wa Iya Murya

Ina da shekara goma muryar Iya ta tafi. Iya kakata ce, mahaifiyar babanmu, kuma sunanta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana da komai sai Takwara. A ƙauyenmu da ke gefen Sule Tankarkar babu yaron da bai san murhunta ba. Da an gama girbi sanyi ya fara shigowa, ana idar da tuwon magariba sai ka ga yara suna ɓullowa ta kowace kafar danga, kowa da guntun karan dawa na sa wa wuta.

A daminar wannan shekara wani tari ya kama ta. Tarin ya warke, amma ya bar ta da murya siririya kamar zare. Sau biyu ta gwada yi mana tatsuniya. Na baya suna "Me ta ce?", na gaba suna "Ku yi shiru mana!", har hayaniya ta cinye labarin. A na biyun ta tsaya a tsakiya, ta ja mayafinta ta shige ɗaki. Daga nan murhun ya koma na dafa ruwa kawai.

Sai ga Gwaggo Rabi, autar Iya, ta dawo hutu daga makaranta a Gumel, ɗauke da tsohuwar kwamfuta da sifika da ɗan makirfo, duk yayanta direba ya sayo mata su a Maigatari. Da ta ji abin da ya faru ta ce, "Ai kuwa Iya za ta yi tatsuniya, ko ta ƙi ko ta so."

Ni ta zaɓa ta koya wa aikin. Wayyo daɗi! A kusurwar allon, kusa da agogo, akwai wata 'yar manhaja da ta sa. In ka taɓa ta sai ɗan akwati ya buɗe da sanduna a tsaye, kowace da maɓallin da ake ja sama ko ƙasa. Ta farko ta makirfo ce. Sauran ukun na sautukan da Gwaggo ta ɗauko don aikin makaranta ne: kiɗan ganga, haushin karnuka, da dakan mata. A gefe kuma ga babbar sanda mai ɗaga su gaba ɗaya.

"Kowa da sandarsa," in ji Gwaggo. "Kin ga, za ki iya rage kare ki bar ganga. Ni zan riƙe wa Iya makirfo, ke ki riƙe linzamin kwamfuta ki ja sandunan."

Ranar ban iya cin abincin rana ba. Na zaga gida gida ina shela. Kafin a idar da sallar magariba tsakar gidanmu ta cika, har da matan aure a bakin zaure. Aka ɗora kwamfuta a kan turmi da aka kifa, ni kuma na sa linzami a bayan faranti. Da ƙyar aka lallaso Iya ta fito, tana harara.

"Wannan abin ne zai yi magana, ko ni?"

Muryarta ta fito ta sifika, cikakkiya, irin ta da! Yara suka sa ihu. Ni kuwa murna ta ɗebe ni, na ce a raina in kaɗan ya yi daɗi haka, to da yawa fa? Na ja kowace sanda har ƙarshe, na bi da babbar. Ganga ta tashi, karnuka suka ɗauka, taɓare suka hau, sifika ta ƙwala wata irin ƙara mai huda kunne. Jakin babanmu ya tsinke igiya. Jarirai suka fashe da kuka. Na ga bakin Iya yana motsi, amma ko kalma ɗaya ba a ji.

Gwaggo ta yi tsalle ta kashe komai. Iya ta dafa ƙasa za ta miƙe. Na san in ta shiga ɗakin nan ba za ta ƙara fitowa ba, kuma ni na jawo. Hawaye suka zubo mini. Ta dube ni, sai ta koma ta zauna.

"Rabi, mayar wa Takwara abinta. Ke kuma share fuska. Abin da na faɗa shi hannunki zai yi, kin ji?" Ta gyara zama, ta buɗe tatsuniya da kalmomin da ta saba buɗe mana ita. "Ga wata ta iso bakin ƙofa."

"A shimfiɗa mata tabarma!" muka amsa.

Wai an yi wata yarinya da ta tafi roron wake ba ta dawo ba. Gari ya fito nema. Makaɗa suka ɗauki ganguna don ta ji ta biyo sauti. "Takwara, ganga." Na ɗaga a hankali. Mafarauta suka saki karnuka. Na ɗaga. Mata suka ce su ma ba za a bar su ba, suka hau daka don ta gane hanyar gida. Na ɗaga, amma wannan karon idona na kan sandar Iya, ban yarda kowa ya kai ta ba. Kwana biyu ana wannan, babu yarinya babu labarinta.

A rana ta uku wata tsohuwa mai sayar da daddawa ta je wurin makaɗa ta ce, don Allah ku ɗan huta. Suka ce ke wa? Ta ce, kun sa ta ji ku, ku kun ji ta? Suka ajiye. Iya ta kalle ni, na sauke ganga. Tsohuwa ta sa aka ɗaure karnuka. Na sauke. Ta bi mata gida gida tana karɓe taɓare. Na sauke ta ƙarshe.

Tsakar gidanmu ta yi tsit, sai ƙarar kara a wuta. Iya ta ture makirfo gefe, ta rera da siririyar muryar nan tata:

"Inna, ina ƙasa,
Inna, kawo guga,
Rana ta wuce ni sau uku."

Wallahi har na bakin zaure sun ji. Ashe yarinyar tsohuwar rijiya ta faɗa, a bayan gari, tun ranar farko take waƙa. Aka zura igiya aka fito da ita. Yara suka ɓarke da tafi, ni kuma na saki ganga don murna, wannan karon da izinin Iya. "Ta naɗe tabarmarta ta koma," in ji ta, tana dariya har da tari.

Haka muka yi har hutun Gwaggo ya ƙare. Da rana a kai kwamfuta caji, da yamma in zauna gaban turmi. Bayan ta koma Gumel da kayanta Iya ba ta daina ba, don yaran sun koyi matsowa.

Na daɗe ina ɗaukar wannan tatsuniya a matsayin faɗan da aka yi mini cikin hikima. Sai da na zama malamar firamare a Gagarawa na ga sauranta. Ajina cike yake, kuma ni mai ɗaga murya ce, su yi sama in yi sama. Akwai wata Safiya a layin baya da ba ta taɓa rubuta komai daidai ba, na riga na yanke cewa ba ta da kai. Wata safiya na gan ta tana motsa baki. Na buɗe nawa zan daka tsawa, sai na fasa. Na bi layi layi ina dafa tebur, na gaba suka yi shiru, na tsakiya suka bi. Na tsuguna kusa da ita na ce, "Faɗi, ina ji."

Ta ce, "Malama, ba na ganin allo. Tun bara nake faɗa."

A ranar na dawo da ita layin gaba.