Na Je Dubai Ɗauko Baba, Na Tarar da Wasan Dogo

Haɗeja zuwa Kano

Ana idar da sallar asuba na bar Haɗeja, cikin Afrilun 2019. A ƙofar gida Umma ta riƙe min hannu ta ce, "Nasiru, kada ka dawo sai da mahaifinka." Baba ya kusa shekara talatin yana sayar da kayan gyaran mota a Dubai. Hawan jini ya kayar da shi sau biyu, amma kullum amsarsa ɗaya ce: sai baɗi.

A shingen Ringim ɗan sanda ya leƙo ya tambayi inda na nufa. Na ce Dubai. Ya dubi jakata ƙwaya ɗaya ya ce, "Kai ba ɗan kasuwa ba ne." Da rana jirgi ya tashi daga Kano, muka sauya wani a Addis Ababa.

Al Warsan

Baba da kansa ya tare ni. Ya rame, amma bakin na nan. Ɗakinsa a unguwar Al Warsan gado ɗaya ne da katifa, muka karya da karak, shayinsu mai madara da kayan ƙamshi, da gurasar Indiyawa mai maiƙo. Ina fara kawo maganar Umma ya ɗaga hannu.

"Shwaiya shwaiya, a hankali. Yau Dogo zai yi jifa."

"Wane ne Dogo?"

"Yalla, maza sa takalminka."

Ras Al Khor

A unguwar Ras Al Khor shagon Baba yake. Shagon da ke jikin nasa na wani tsoho ne ɗan Koriya, Mista Yun, mai sayar da injinan mota. Matarsa ta rasu da daɗewa. Dogo ɗansa ne, Baba ya laƙaba masa sunan. A bayan shagunan nan ya koyi jifa yana yaro, Baba na riƙe masa tsohuwar taya, shi kuma yana auna tsakiyarta da ƙwallo. Yanzu ƙwararren mai jifa ne a gasar besbol ta ƙasarsu. An yi masa aiki a gwiwar hannu, ya yi shekara bai buga ba, yau kuma wasansa na farko a sabuwar kaka. In hannun ya ƙi, sana'ar ta ƙare.

Gaskiya na ɗan ji kishi. Ni da hoto da waya na san Baba.

Bayan azahar muka zauna gaban talabijin a shagon Mista Yun. Baba ya yi min bayani: ɗaya na jefa ƙwallo, ɗaya na jira da sanda, in ya kuskure sau uku ya fita. Ba a daɗe ba wani ƙato ya maka ƙwallon Dogo har cikin 'yan kallo, abokan hamayya suka samu ci. Mista Yun ya tashi ya juya wa talabijin baya, yana goge injin da ba ƙura a jikinsa. Baba ya jawo carbi.

Daga nan Dogo ya nutsu. Masu sanda suka riƙa dukan iska suna komawa benci. Ban san lokacin da na miƙe ina ihu ba. Baba ya ce, "Ka ga hannun ɗana?" Ya dube ni, ya dafa kafaɗata. "Ƙaninka ke nan."

Ƙungiyarsu ta sha kashi a ƙarshe, amma Dogo ya fita fili yana murza hannu yana dariya. Mista Yun ya zauna ya yi kuka.

Da ya share fuska sai ya ce da ni cikin Larabcin kasuwa, "Habibi, ka tafi da babanka. Shekara biyu ɗana na kirana gida, na ƙi, don kada ciwon ya kayar da wannan ba kowa kusa."

Baba ya saki baki. "Ni fa don kai nake zaune!"

Suka dubi juna, suka yi ta dariya har Baba ya ƙware.

"Khalas, magana ta ƙare," in ji Mista Yun.

Port Saeed zuwa gida

Sati biyu muka yi muna sallamar shago, muka kai kayan Baba ofishin masu aika kaya a unguwar Port Saeed. A filin jirgi tsofaffin biyu suka rungume juna.

Mun shiga Haɗeja da la'asar. Umma ta fito ba takalmi, ta tsaya tana kallonsa. Baba ya ce, "Hajiya, ga ni. Akwai tuwo?"

Na gode wa Allah da ya kai ni ni kaɗai ya dawo da mu mu biyu. Na gode wa Mista Yun da ya kula min da uba.