Man Gyaɗa a Fankar Hita

Shekarar da Malam, maigidana, ya sayi mota a hannun wani Bature mai komawa gida, muna zaune a Kankiya, yana aikin malamin gona. Tsohuwa ce, amma tana da wani abu da ba mu taɓa gani ba: ƙaramar fanka a ɓoye wajen ƙafafun direba, mai huro ɗumin inji cikin mota. Hita ake ce mata.

Da sanyi ya shigo sai tari ya kama Inna, mahaifiyarsa. Aka ɗauko ta daga Kaikai, aka shirya ranar Litinin da asuba za a kai ta asibiti Katsina. Sai fankar ta ƙi juyawa. Malam ya ce ba zai fita da Inna cikin wannan sanyi ba ɗumi ba. Ranar Asabar ya kwance fankar, ya shigo da ita tsakar gida tare da batirin motar, ya baje a kan tabarma.

Na ɗauko littafin da ya zo da motar, raina fari. Na yi makarantar 'yan mata, ina karanta Turanci, kuma tun da aka kawo ni gidan nan ilimina bai wuce karanta takardar magani ba. Na ce yau Malam zai ga wadda ya aura.

Sai ga ƙanwarsa, wadda ta zo jinya daga Kusada. Ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba, amma tana da keken ɗinki na hannu, ita ke kwance shi ta ɗaure. Ina can ina neman shafi, ta riga ta tsuguna ta zaro audugar da ɓera ya cusa da ɓawon gyaɗa.

"Yaya, ka ga 'yan gawayin nan biyu masu ba fankar wuta? Datti ya hana su taɓa tagullar. Miƙo kananzir."

"Bari in duba abin da littafi ya ce," na ce.

"Duba, Malama. In kin gano shafin ki gaishe shi."

Malam ya yi dariya har da buga cinya. Ta wanke tagullar da tsumma, ta goge, ta mayar da gawayin mazauninsu, yana riƙe mata. Sai na ji ya ce, "Kai, hannun nan naki da albarka yake." Ni da nake dafa mashi tuwo shekara uku ban taɓa jin haka ba. Kishi ya taso mani. Na yi istigfari, bai sauka ba.

Saura mai a bakin ƙarfen da ke juyawa. Ta ce sai man keke, nata kuwa yana Kusada, gobe za a aiko. Malam ya tafi Azahar, ita ta shiga wajen Inna. Na duba littafi, ya ce a ɗiga mai kaɗan. Na ce a raina mai ai mai ne. Na shiga madafi na ɗebo man gyaɗa, wanda na matse da hannuna, na zuba ba rowa.

Da ya dawo na ce ya gwada. Ya haɗa wayoyi da batir, fanka ta ɗauka fir, ko ƙara babu. Ya dube ni, ya ce, "Ashe boko bai faɗi banza ba." Wallahi har yau ina jin daɗin wannan kallo.

Ƙanwar ta fito ta sunsuna.

"Matar Yaya, fanka ce ko kaskon ƙosai? Man gyaɗa in ya kwana cikin sanyi barci yake, ya yi danƙo. Na taɓa yi wa kekena, sai da na yi kuka."

"Tela, ki tsaya kan zare da allura," na ce. "Ga ta tana juyawa."

Malam ya goyi bayana, ya ɗaure fankar a mota. Na san tana iya yin gaskiya. Ban so a wanke ba, don in an wanke yabon ya koma wurinta.

Litinin bayan sallar asuba muka kama hanya, ni da ita mun sa Inna a tsakiya. Malam ya murza maɓalli. Fanka ta yi gurnani, ta ja kamar mai ciwon ƙafa, ba mu bar gari sosai ba ta tsaya cak. Wani ƙauri kamar na suya ya cika motar. Inna ta fara rawar sanyi, tarin ya taso.

Malam bai waiwayo ba. Na cire mayafina na lulluɓe ta, na ɗora ƙafafunta a cinyata ina murzawa, hawaye na zuba, ina roƙon Allah kada ya kama tsohuwar nan da laifina. Na jira ƙanwar ta ce ai na faɗa. Sai kawai ta warware nata bargon ta rufe mu, har ni. Astagfirullah, ko wannan shirun nata sai da na yi kishinsa.

Allah ya sa Inna ta warke. Da muka dawo aka sake baje fankar a tabarma. Ƙanwar ta wanke danƙon da kananzir, sannan ta miƙo mani kwalbar man keke.

"Ɗigo uku, Malama. Ba miya ba ce."

Na ɗiga uku. Fanka ta juya. Malam ya ce, "Madalla da ku," mu biyu a haɗe. Na ce amin, na tattara littafin na mayar akwati. Amma ina sane, da ya faɗa, ita ya fara kallo.