Jirgin Kawu Isufu Zuwa Dogon Dutse

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu na unguwar Alabar a Kumasi ya san ba a ƙetare tsakar gida sai an dubi hannun Kawu Isufu. In jar tuta ce, ka tsaya, ko kai wane ne. Usur a baki, yana ta "Agoo! A ba da hanya! Jirgi na tafe!"

Jirgin da ake magana bai fi takalmi tsawo ba. Taragunsa gwangwanin sadin ne, dogonsa wayoyin ƙafar keke. Kawu ya yi aiki a tashar jirgin ƙasa ta Kumasi har ya yi ritaya, kuma abu ɗaya ke ci masa rai: dogo ya zo Kumasi ya tsaya, bai yi arewa ba. Mahaifinsa kuwa da ƙafa ya koro shanu daga Dogon Dutse a Nijar. Sai Kawu ya sassaƙa ɗan mutum mai malafa, ya zaunar da shi a taragon farko.

"Baba ya zo da ƙafa," in ji shi. "A jirgi zan mai da shi."

Mu muka sha wahalar wannan alkawari. Wata safiya matarsa, Hajiya Ramatu, ta ɗauko tukunyar koko daga wuta, ya ɗaga mata jar tuta.

"Malam, hannuna na ƙuna!"

"Da kin fito da wuri, Hajiya. Kin san lokacin jirgin safe."

Ni kuma rikodata da nake ɗaukar hira da ita ta daina juyawa. Na buɗe, babu inji. Da na tambaya sai Kawu ya ce, "Ei, ɗan rediyo, kaset kawai yake juyawa a wurinka. Yanzu fasinja yake ja."

Kwatar gidan ita ce kogin Bolta. Ya gina mata gada, ya kuma kafa doka cewa nan za a riƙa zubar da ruwan wanki, don kogi ba ya zama babu ruwa. Ran da akuyar maƙwabta ta cinye garin Tamale, wanda ya gina da kwali, har wurin mai unguwa ya kai ƙara. Mai unguwa ya tambayi abin da aka yi asara. Kawu ya ce, "Gari guda, ranka ya daɗe, har da masallaci."

Dogo ya wuce garin Bolga, ya zo ya tokare da bangon ɗakina. A taswirar Kawu, Dogon Dutse na bayan ɗakin, kusa da akurkin kaji.

"Ɗan rami kawai, Abdu. Gaba da baya."

"Kawu, a ɗakin nan nake naɗar shirye-shirye. Shiru nake bukata. Ka zagaya mana."

"In zagaya? In bi da Baba ta banɗaki? Kai, ba ka da kunya!"

Haka muka yi ta ja. Kullum ya kawo jirgin gindin bangon, ya busa usur, ya ce da ɗan mutumin, yadda zan ji, "Haƙuri, Baba. Jikanka ne ya rufe boda."

Sai ciwo ya kwantar da shi. Hajiya ta same ni a ɗaki, ta ajiye guduma da kurfi a kan teburina.

"Abdu, ni na sha ƙuna saboda jirgin nan. Kai ma ka sha ƙura."

Na fasa bangon, gaba da baya. Na shimfiɗa dogon ta ƙarƙashin gadona, yana daga kwance yana aiko gyara. Muka ɗauke shi a kujera zuwa bayan ɗaki. Jirgin ya shige, muka ji ƙararsa a ciki, sai ga shi ya ɓullo, Baba na zaune da malafarsa. Kaji suka watse. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya share ido ya dube ni.

"Ya makara. Kuma raminka a karkace yake."

Bai kai ƙarshen watan ba.

Ramin na nan. Ɓeraye ke bi, kukan zakara na shiga mini shiri, Hajiya kuma ta ce wanda ya toshe shi ya nemi wani gida. Ban ma sayi siminti ba.

Allah ya jiƙan Kawu Isufu, ya buɗe masa hanya babu jar tuta, ya sauke shi lafiya inda Baba ke jiransa. Amin.