Yadda Aka Makantar da Mai Agogo a Waya

Mai Agogo abokina ne tun muna 'yan shekara tara a makarantar mishan. Gadonsa na kusa da nawa, kuma shi aka ɗora wa buga ƙararrawar safe, domin a duk ɗakin kwananmu shi kaɗai ne ba ya makara. A can aka koya mana abu biyu da suka bi mu har tsufa: kada ka rubuta abin da ba haka yake ba, kuma kada ka karɓi abin da ba ka yi wa gumi ba. Ni na zama malamin makaranta. Shi ya zama mai gyaran agogo, ya shekara arba'in da shida a shago ɗaya, tsakanin mai aski da mai sayar da tayoyin keke.

Shagon taku huɗu ne a tsawo, uku a faɗi. Teburinsa na gaban taga saboda haske. A kan teburin akwai hantsaki, da ƙananan sukundireba a jere bisa tsawonsu, da ɗan gilashin da yake maƙalawa a idonsa na dama. A bangon hagu ya kafa katako mai ƙusa arba'in, a samansa kuma wani babban agogo wanda shi ne alƙalin sauran. Duk agogon da ya gyara sai ya kwana uku a rataye a ƙusa, ana gwada tafiyarsa da ta babban, kafin mai shi ya karɓa. Ba ya rage wa kowa ko kwana ɗaya. Na taɓa jin wani direba yana roƙonsa:

"Baba, don Allah ka ba ni, gobe tafiya zan yi."

"To ka tafi da rana," in ji shi, "ita ba ta taɓa tsayawa ba."

Kafin ya rufe agogo kuma, sai ya ɗauki allura ya rubuta ranar gyara a cikin murfin baya, da haruffa ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Da wannan sana'a ya raini 'ya'ya huɗu, ya binne matarsa, bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Shekara biyu da suka wuce yanar ido ta fito masa a idon hagu. Na dama, wanda yake aiki da shi, lafiyarsa lau. Likita ya ce aikin ba mai wuya ba ne, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin shago irin nasa. Manyan 'ya'yan suna nesa, kowa na fama da nasa, kuma ya hana a gaya musu. Autarsa ce kaɗai a gari. Ita kuwa tana auren wani da ake kira Manaja, mutum mai waya biyu da takalmi mai tsini, wanda har yau ban san abin da yake manajansa ba.

Manaja ne ya zo da maganar. Ina shagon ranar.

"Baba, yanzu an daina bin dangi gida-gida ana sunkuyar da kai," in ji shi. "Akwai shafi a intanet. A sa hotonka, a faɗi matsalarka, mutanen duniya su tara maka."

"Bara ke nan."

"A'a, Baba, gudummawa."

"Sun san ni ne?"

"Ai daɗin abin ke nan, ba sai sun san ka ba."

Mai Agogo ya ƙi. Sai da Auta ta yi kwana uku tana zuwa tana kuka kafin ya yarda, shi ma da sharaɗi: ni zan rubuta bayanin. Na zauna na rubuta layi shida. Na ce mai gyaran agogo ne, yanar ido ta rufe idonsa na hagu, na dama yana gani sarai, yana kan aikinsa, ana neman kuɗin tiyata. Manaja ya karanta ya taɓe baki, amma ya sa.

Mako biyu suka wuce. Mutum uku suka bayar. Ɗaya ni ne, ɗaya Auta ce.

Wata Talata da hantsi Manaja ya dawo, wai ya zo gaisuwa. Yana nan tsaye sai wani ɗan sukuru ya kuɓuce daga hantsaki ya faɗi ƙasa. Duk wanda ya san masu wannan sana'a ya san abin da ke biyo baya. Sukurun agogo bai kai ƙwayar yashi biyu ba, ido ba ya samun sa a kan siminti. Sai mutum ya durƙusa, ya rufe ido, ya bi ƙasa da tafin hannu a hankali, domin fata ta fi ido saurin jin sa. Haka Mai Agogo ya yi, kamar yadda ya yi sau dubu. Manaja ya ɗaga waya ya ɗauki hoto.

Daga ni har Mai Agogo ba mai riƙe babbar waya, saboda haka mu ne na ƙarshe da muka ji labari. Abin da muka fara gani shi ne matar wani marigayi likita, wadda ta shekara ashirin tana kawo agogon mijinta a wanke. Agogon na kan ƙusa, kwanansa biyu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga murya kamar mai kiran wanda ke ƙetaren titi.

"Sannu, Baba! Ni ce, matar likita!"

"Na gan ki tun daga kwanar can," in ji shi. "Jakarki ma a buɗe take, ki rufe."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ta ce agogon ta zo karɓa. Ya ce saura kwana ɗaya. Ta ce ba komai, kada ya wahalar da kansa, akwai wani yaro mai gyara a kasuwa. Ta miƙa hannu ta cire shi daga ƙusa da kanta, abin da ba wanda ya taɓa yi a shagon, ta ajiye kuɗi a tebur fiye da na aiki, ta fita tana cewa Allah ya kawo sauƙi.

Kafin yamma mutum huɗu sun zo sun kwashe nasu, biyu ma ba a buɗe su ba. Mai aski ne ya ga abin ya yi yawa, ya shigo da wayarsa ya nuna mana. Ga abokina a durƙushe, ido a rufe, hannu a ƙasa. An goge layukana shida. A madadinsu an rubuta cewa tsoho ne makaho, 'ya'yansa sun gudu sun bar shi, yana lalube a shago don ya samu abin sawa a baki. Mutum dubu da ɗoriya sun tura wa wasu. Kuɗin tiyata ya cika cikin kwana tara har ya yi rara.

Mai Agogo ya karanta da kansa, ba tare da gilashi ba. Ya rufe shago ƙarfe huɗu, abin da ban taɓa gani ba, muka nufi gidan Auta. Mun tarar da Manaja a falo, ƙafa ɗaya a kan tebur.

"Baba! Na so in ba ka mamaki ne, ashe ka ji."

"Sauke ƙafarka. Wa ya ce maka na makance?"

"Ai salon magana ne, Baba. Haka ake yi."

"Wa ya gudu ya bar ni? Matarka? Ga ta nan tsaye."

Auta ta ce, "Baba, wallahi ban san abin da ya rubuta ba."

Manaja ya juyo gare ni. "Malam, kai ka faɗa masa. Gaskiyarka mutum nawa ta kawo? Uku. Mutane ba sa bayarwa don an rubuta daidai, sai abu ya taɓa musu zuciya. Akwai shafi dubu kafin naka, kowa yana kuka. Wanda kukansa ya fi ƙarfi shi ake ji."

"Ido ɗaya na ce a gyara mini," in ji Mai Agogo. "Kai ka tsone biyun. Cire shi yanzu ina kallo."

"Ko na cire, Baba, ya riga ya shiga wayoyin mutane."

"To a mayar wa kowa da kuɗinsa."

Manaja ya yi dariya, ya juyo da wayar. Rabin masu bayarwa ba suna, sai "wani bawan Allah". Sauran kuma sunaye ne daga ƙasashen da ba mu san ko ina suke ba. Masu shafin ma sun riga sun cire kasonsu. Da can, in mutum ya taimake ka, ka san ƙofar gidansa. Kana iya zuwa ka yi godiya, kana iya zuwa ka ce ka yi kuskure, ga abinka. Wannan kuwa kyauta ce da ba ta da ƙofa.

Na rubuta wa kamfanin da ke da shafin wasiƙa mai sakin layi uku, na bayyana ƙaryar dalla-dalla, mai aski ya aika mini. Amsa ta zo kafin in mayar da alƙalami aljihu. Suna gode mini da na kasance cikin babban iyalinsu na alheri. Ba mutum ba ne ya karanta, ba mutum ba ne ya amsa. Na sake rubutawa, amsar ta sake zuwa, ko waƙafi bai canja ba.

Wata biyu Mai Agogo ya yi bai taɓa kuɗin ba. Idon hagu kuma ya ci gaba da rufewa, Auta ta rame, manyan 'ya'yan suka yi ta bugo waya cikin fushi, domin abokan aikinsu sun ga hoton sun tambaye su yadda suka yi suka yasar da ubansu. Daga ƙarshe ya yarda aka yi aikin. Rarar ya sa aka kai asibitin, a yi wa wani. Aka kwance bandeji, ya ce yana iya ƙirga gashin gemun likita.

Ya tilasta wa Manaja ya sa sanarwa a shafin cewa bai taɓa makancewa ba, kuma yana kan aiki. Ni na rubuta ta. Mutum goma sha ɗaya suka gani. Hoton durƙuso kuwa har yanzu yana yawo. Mai aski ya nuna mini shi sau biyu a wasu shafuka, da wani suna daban, sau ɗaya wai ciwon ƙoda, sau ɗaya wai gobara. Magana zarar bunu ce, in ji mutanen da, amma su ba su ga bunun da ke haihuwa ba.

Ba zan ce komai laifin shafin ba ne. Tun da lokaci ya koma cikin waya masu ɗaura agogo suka ragu. Amma akwai wajen mutum talatin da suka rage masa, tsofaffin ma'aikata da direbobi da 'ya'yan da suka gaji agogon iyayensu, kuma su suke riƙe da shagon. Ba wanda zai ba makaho agogon ubansa. Suna gaishe shi da ladabi fiye da da. Wasu har kama masa hannu suke yi in zai ƙetare titi. Amma agogo ba ya zuwa. Garin neman gira aka rasa ido.

Manaja kuwa ya buɗe ofis mai kujera biyu da fanka. Yanzu na san abin da yake manajansa. Mutane na zuwa da takardar asibiti, shi ya zaɓi hoto ya tsara kuka. Ya ce mini nan da shekara goma ba mai zuwa banki ko gidan ɗan'uwa, kowa waya zai ɗauka. Ina jin gaskiya ya faɗa, kuma shi ya sa nake gode wa Allah da shekaruna suka yi nisa.

Watan jiya na kasa jure ganin katakon nan ƙusa arba'in ba ko agogo ɗaya. Na ɗauki nawa, wanda aka ba ni ranar da na bar aiki, na buɗe bayansa da wuƙar kicin, na sa tsinke na lanƙwasa wani siririn sifirin na ƙarfe da ke cikinsa har ya tsaya. Na kai masa da safe.

"Mutumina, ga wannan ya tsaya haka kawai."

Ya maƙala gilashi a ido, ya buɗe murfi. Ya duba ciki.

"Haka kawai," in ji shi. "Ranar sha huɗu ga watan uku na wanke shi, ga rubutuna. Wannan ƙarzar a gefen murfi ba tawa ba ce, bakin wuƙa ne, kuma mai dakushi. Ga ɓurɓushin tsinke a kan sifirin." Ya cire gilashin ya dube ni da idanunsa biyu. "Har da kai, Malam? Kai ma sadaka ka kawo mini?"

Na miƙa hannu zan ɗauki agogona.

"Bar shi. Ka ɓata, sai a gyara. Kuɗin aiki ninki biyu ne, ɗaya na gyara, ɗaya na ƙarya."

Ya gama kafin azahar. Ya rubuta ranar da allura a ƙarƙashin ta watan uku, ya saita shi da babban agogo, ya rataye a ƙusar farko. Na ce ko zan tafi da shi, tunda ga shi yana tafiya.

"Kwana uku," in ji shi, bai ko ɗago kai ba.

Kwana ukun nan kullum sai na biyo ta ƙofar shagon. Yana zaune a gaban taga, hannuwa a kan tebur, kayan aiki a jere bisa tsawonsu. A bango agogona kaɗai ke tafiya, sauran ƙusa talatin da tara a tsaye. Ran na huɗu na biya na karɓa. Ko daƙiƙa ɗaya bai saɓa ba.