Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Firamare kawai na gama, daga nan na koma gonar albasa tare da mahaifina a gefen Bodinga. Ina karanta Hausa, ina kuma rubuta sunan mai kaya a jikin buhu. Iyakar ilimina ke nan, da shi nake rubuta wannan.

'Yata ta fari ta fara karatu tana da shekara huɗu da 'yan watanni. Ba wanda ya zaunar da ita. Lokacin cirar albasa nakan rubuta sunaye a buhuna da fenti, ita kuma tana tsugune gefena tana nuna baƙaƙe tana tambaya. Nakan faɗa mata don ta bar ni in yi aiki. Wata rana da hantsi ta tsaya gaban buhunan da aka jera, ta karanta sunan maƙwabcinmu. Na ɗauka hadda ce. Na rubuta "tunkiya" a ƙasa da tsinke, ta haɗa a hankali ta faɗa, ta koma wasanta.

Uwarta ta ce in yi tubarkalla in yi shiru, yarinya wasa take yi. Ban yi shiru ba. Kafin Juma'a babu wanda bai ji ba a majalisarmu. Da wani ya ce ai irin wannan sai makaranta, na ji kamar ni aka yaba.

A makarantar unguwarmu, idan yaro ba shi da takardar haihuwa, hedimasta kan sa shi ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnen ɗaya gefen. Wanda ya kamo ya isa shiga aji ɗaya, wanda bai kamo ba ya jira baɗi. Na gwada ta a gida, saura kamar yatsa biyu. Sai na shiga koya mata dabara kowace safiya: ta karkata kai, ta ɗaga kafaɗa. Ina jan hannun tana dariya, don ta ɗauka sabon wasa ne.

Ranar ɗaukar yara na tsaya bayanta kamar mai gyara mata hijabi, na tura gwiwar hannunta da babban yatsana. Ta taɓa kunnen. Hedimasta ya dube ni, ya tambayi shekarunta. Na ce shida. Ya miƙa mata littafi, ta karanta layi uku, ya rubuta sunanta.

Abin da ya biyo baya daga bakin uwarta na riƙa jin sa, kaɗan-kaɗan. Malamin ajin yakan ɗora ta kan benci ta yi karatu, sannan ya ce manyan yara su ji kunya. In an fita hutun tara, su kuma su mintsine ta, su cinye ƙosanta. Yatsunta ba su iya riƙe fensir da kyau ba, ga barci yana ɗauke ta kafin a tashi. Wata rana ta jiƙa wandonta don tsoron neman izinin fita. Duk na ji, na ce za ta saba.

Kafin ƙarshen zangon ta daina karatu. In na nuna mata takarda sai ta ce ba ta iya ba. Na san ta iya, don ina ganin idonta yana bin layin. Na yi mata tsawa. Sau ɗaya na buge tafin hannunta da karan dawa, hannun da na yi ta ja. Ba ta yi kuka sosai ba, ba ta kuma karanta ba.

Da aka yi hutu uwarta ta tafi da ita ƙauyensu a ƙasar Shagari. Bayan mako guda na bi su. Na gaida surukata daga bakin ƙofa, na zauna kan tabarma a waje. Ba ta yi mini maganar kai tsaye ba, 'yarta ta yi wa, amma ta ɗaga murya yadda zan ji.

"Ke, tambayi mai gidanki. In ya cire albasa ba ta ƙosa ba, wa ka saye?"

Yarinyar tana can tana bin 'yan awaki da sauran jikoki. Da ta gan ni ta zo ta gaishe ni, ta leƙa hannuna ko na riƙo takarda.

Da muka dawo na je wurin hedimasta na ce masa, ranka ya daɗe, ƙarya na yi, shekarunta huɗu. Ya ce ai ya ga yatsana tun ranar, shi ma karatunta ne ya ruɗe shi. Ya soke sunan, ya ce in kawo ta in hannun ya kai don kansa.

Ta yi watanni ba ta kalli rubutu ba. Uwarta ta hana ni ko ambaton karatu a gidan, na kuwa bi. Da cirar albasa ta zagayo na fito da fenti, ita tana zaune nesa, ƙaninta da aka haifa mana a cinyarta. Ban kira ta ba. A rana ta uku na ji tana faɗa wa jaririn sunayen da ke jikin buhunan, ƙasa-ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Na ci gaba da rubutu, ban juya ba har ta gama.

Ta shiga aji ɗaya tana da shekara shida, ba wanda ya tura mata hannu. Yanzu tana aji huɗu. Tana karanta wa uwarta takardar magani, tana karanta wa kakarta saƙon waya. In na shigo ɗakin sai ta sauke murya ta ƙarasa a zuci. Ban taɓa tambayar ta dalili ba. In na ji tana karatu daga waje, nakan tsaya a zaure har ta kai ƙarshe, sannan in yi sallama.