Kunnen da na baro a Bahar Maliya

Ko zan manta komai a duniya, ranar da taubashina ya fizge mini numfashi a ƙarƙashin teku ba za ta fita raina ba. Shekaru sun shuɗe, amma duk lokacin da na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa.

Ɗan kawuna ne, tare muka tashi a Ƙofar Dundaye, tare muke sana'ar tufafi. Ka san taubashi: ya zage ka, ya kwashe maka takalmi a ƙofar masallaci, kai kuma ba ka da izinin fushi. Wata shekara muka je Misira saro jallabiyoyi, kaya suka yi jinkiri, sai ya matsa mu je bakin teku mu ga wani tsohon jirgin ruwa da ya nutse kusa da gaɓa. Ni da ko gulbin Rima ban taɓa shiga ya wuce gwiwata ba! Amma ya ce mini matsoraci a gaban mutane, na biye masa. Wautata ke nan.

Wani Balarabe mai koyar da nutso ya goya mana tulun iska a baya, ya ba mu robar da ake cizawa a baki ana shaƙa. Sau uku yana maimaitawa: kada ka riƙe numfashi, kada ka taso sama da sauri, kowa ya kula da ɗan'uwansa. Ya haɗa ni da taubashina.

Gaskiya wurin ya yi kyau. Ruwan da ɗumi, garau, hasken rana har ƙasa. Ga jirgin kwance a gefensa, tsatsa ta cinye shi, ƙananan kifaye masu launin ɗorawa suna shiga ta tagoginsa suna fita. Na kama wani ƙarfe ina leƙa ciki, ina tasbihi a zuci. Kawai sai na ji an fizge robar daga bakina ta baya.

Ruwan gishiri ya cika mini maƙogwaro. Na juya, na gan shi riƙe da robata a hannu ɗaya, kyamara a ɗaya, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Duk abin da aka koya mini ya gudu. Na yi sama da iya ƙarfina, na ji wani abu ya fashe a kunnena na hagu kamar an soka tsinke. Da aka jawo ni cikin kwalekwalen da ya kai mu wurin, jini ne ke bin wuyana. Likita ya ce in gode wa Allah da abin bai taɓa huhu ba. Kunnen dai ya tafi.

Abin da ya fi ƙona ni a Sakkwato ya faru. Mun dawo, dangi sun cika tsakar gida, sai ya ciro waya yana nuna musu bidiyon da ya ɗauke ni ina fafutukar mutuwa. Aka yi ta shewa. Na ce masa ya kashe. Inna, uwar da ta haife ni, ta dube ni ta ce, "Kai, mi an naka? Wasan taubasai na. Wa ka hushi da taubashi nai?"

Na ce, "Inna, da gawata anka kawo miki fa?"

Ta ce, "To ai ba a kawo ba. Yi mai dariya a wuce wurin."

Ban yi ba. Na raba shago da shi, aka ce na cika riƙo. Har yau ɗiyata in za ta raɗa mini magana sai ta zagayo dama, shi kuwa yana yawo da kunnuwansa biyu.

Bara, wurin wani suna a Sabon Gari, ya zauna kusa da ni, na ga bakinsa yana motsi, ya tashi. Daga baya wani abokinmu ya ce mini, "Ka ji dai ya ba ka haƙuri." Ta hagu ya zauna. Ko kunnen da ya kashe bai tuna ba.

Abin da na koya shi ne, mutumin da aka yafe wa laifi tun kafin ya aikata, kada ka kuskura ka damƙa masa ranka.